Rabo da Haƙuri: Shin Maganar Magabata Tana Tashe Mu Ne Ko Tana Kwantar da Mu?

Hamma na Bolari:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina so in jefo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon manya su yi mini afuwa idan harshena ya yi kaifi. Mun taso muna jin cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, zafin nema ba ya kawo samu, mahaƙurci mawadaci, gobe kuma ta Allah ce. Ba na musun cewa waɗanda suka bar mana waɗannan maganganu sun fi mu sanin duniya, amma abin da nake gani a garin nan ya sa na fara zargin ko da su muke lulluɓe sakacinmu. Duk wanda ya san Gombe ya san kwarurukan da suka tsaga unguwanninta, ya kuma san ƙasarta yashi ce mai saurin zaizayewa. Duk da haka mutum zai sayi fili a bakin kwari ya gina ɗakuna ya zuba iyali, maƙwabta kuma su yi ta juye shara a magudanar ruwa tun daga rani har damina ta faɗi. Ranar da ruwan Agusta ya tafi da katanga, ko ya tafi da rai, sai mu taru a ƙofar gida mu ce haka Allah ya ƙaddara, a shafa fatiha a watse, baɗi kuma a sake. Shin hikimar magabata a kan rabo da haƙuri zaman duniya take koya mana, ko kuwa naɗe hannu?

Bappa na Dukku:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ba ka yi rashin kunya ba, sai dai ka ɗauko rabin kayan ka bar rabi. Bakin da ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, shi ne ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi ne ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, shi ne kuma ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mutanen dā ba ruɗewa suka yi ba har suka faɗi abu da kishiyarsa. Kowace magana tana da lokacin faɗarta, kuma sanin wannan lokacin ne suke aunawa kafin su ce wane mai hankali ne.

Iyayenmu sun ji labarin yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ƙasar Kano ake kira Kakalaba, daga bakin waɗanda suka gan ta, mu kuma mun ga farin 1973 da na 1984 da idonmu. A gidan da na tashi ba a taɓa hatsin bana sai na bara ya ƙare, kuma akwai rumbu guda wanda maigida kaɗai ke buɗe shi, ba a kusantarsa domin biki ko suna. Tun a gona ake zaɓar zangarniyar da ta fi cika a ware ta domin iri, a ɗaure a rataye inda hayaƙin murhu zai riƙa bugunta saboda ƙwari, kuma ko da kunun tsamiya yara suka kwana ba a sauke ta. To, mutumin da ya yi wannan tanadi duka, shi ne idan ka tambaye shi yadda yake ganin damina mai zuwa zai ce maka gobe ta Allah ce. Ya faɗa ne bayan ya gama abin da ke hannunsa, saura abin da ba shi da iko a kai, wato ruwan sama da fara da tsawon rai. Maganar rabo ana yi wa wanda ya yi noma fara ta cinye, domin kada baƙin ciki ya kwantar da shi ko ya fara hassadar maƙwabcin da gonarsa ta tsira. Wanda ke tsaye da fartanya a kafaɗa yana shawarar ko ya fita ko kada ya fita, babu dattijon da zai gaya masa ita. Mu ne muka ɗauko maganar bayan aiki muka kawo ta gabanin aiki.

Malam na Kumo:
Allah ya ƙara wa Bappa lafiya. Zan ɗan ƙara ta fuskar addini, domin a nan ne mutane suka fi neman mafaka. Imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, yana cikin rukunnan imani shida, babu Musulmin da zai taɓa shi, amma ba a ba mu shi domin ya zama hujjar barin sababi ba. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah ko ya sake ta ya dogara, sai ya ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Haka nan lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya sami labari a hanya cewa annoba ta ɓarke a can, ya shawarci sahabbai ya yanke juyawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Rumbun da Bappa ya ambata ma yana da asali a Suratu Yusuf, inda aka umarci mutanen Masar su yi noma shekara bakwai, su bar abin da suka girbe a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, saboda wasu shekaru bakwai masu tsanani da ke tafe.

Sai dai ina jan hankalin 'yan'uwa, tun kafin wani ya kawo ta, cewa maganar nan ta wai Allah ya ce tashi in taimake ka ba aya ba ce, ba kuma hadisi ba ne. Zancen mutane ne, ko da manufarsa mai kyau ce, kada a jingina wa Allah abin da bai faɗa ba.

Adda ta Pantami:
Iyayena Bappa da Malam, na karanta bayaninku kuma ban ga inda zan saka allura ba. Amma ni ma'aikaciyar lafiya ce, na daɗe ina aiki a ƙauyukan kudancin jihar nan, kuma abin da na gani a can ya sa ina ganin ku da Hamma duka kun ɗora wa karin magana nauyin da ba nata ba.

Kowa ya san ƙasar Kaltungo da Billiri da Balanga da saran kububuwa, har akwai asibiti na musamman a Kaltungo domin saran maciji. Abin ya fi yawa lokacin shuka da lokacin girbi, sa'ad da manomi ke shiga gona da silifa ko ƙafa ba takalmi, yana ɗaga kara da hannu. Idan ta sare shi, abin da aka fi yi shi ne a ɗaure saman wurin da igiya, a tsaga da reza, a kai shi wurin mai magani a ba shi jiƙo. Dafin kububuwa kuwa hana jini daskarewa yake yi, don haka rana ta farko mutum yana iya zama yana hira, sai a rana ta biyu ko ta uku dasashi ya fara zubar da jini, fitsari ya yi ja, wurin da aka tsaga ya ƙi tsayawa. A lokacin ne za a ɗora shi a babur, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da shi ta baya. A asibiti akan ɗebi jininsa a zuba a kwalba mai tsabta a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba an san dafi ya shiga jiki, sai a yi masa allurar kashe dafin. Wanda aka kawo da wuri galibi yakan tashi. Wanda aka makara da shi, idan ya cika, 'yan'uwansa za su ce kwanansa ne ya ƙare.

To, idan kura ta lafa ka zauna da ɗan'uwan mamacin shi kaɗai, za ka tarar ba karin magana ce ta hana su tahowa ba. Babu kuɗin mai, ko rafi ya cika ya raba su da titi, ko suna tsoron a ce babu allura sai sun saya, alhali abin da suka mallaka akuya biyu ne. Sau da yawa wanda ya ce haka Allah ya so ya san sarai abin da ya faru, nauyin faɗin cewa bai da kuɗin mota a gaban surukai ne ya sa ya faɗi haka. Shi ma wanda Hamma ya ce ya sayi fili a bakin kwari, ban taɓa ganin wanda ke da kuɗin fili mai kyau ya zaɓi bakin kwari ba. Maganar ƙaddara a bakin talaka sutura ce, kuma ina jin nauyin a ce za a yaye masa ita ba tare da an ba shi wata ba.

Ɗan Auta, Kashere:
Adda ta kai mu inda nake jira. Idan talaka yana rufe asirinsa da maganar ƙaddara, to akwai wanda ke cin ribar wannan rufin asiri, wato wanda aka ɗora wa alhakin gyara titin da ajiye allurar da gina magudanar. Da izinin manya, ni ina ganin kalmar haƙuri a ƙasar nan kullum daga sama take gangarowa. An gina madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola tun shekarun 1980, amma sai da aka shafe sama da shekara talatin kafin injinan wutarta masu ƙarfin megawat 40 su fara aiki, kuma duk tsawon wannan lokaci abin da ake gaya wa iyayenmu shi ne komai nisan dare gari zai waye. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, bayan irin haka ta taɓa faruwa a 1994. Shekara talatin tsakanin na farko da na biyu, wannan ai ba ruwan sama ba ne da ya zo wa mutane ba zato. Rabe-raben da Bappa ya yi na maganar gabanin aiki da ta bayan aiki yana da kyau a gonar mutum shi kaɗai, inda mai noma shi ne mai asara. Amma inda wani ne ya yi sakaci wani kuma ya yi asara, idan aka ce wa mai asarar ya yi haƙuri rabonsa ke nan, an wanke mai sakacin ne kawai.

Goggo ta Nafada:
Jikata ce ke rubuta mini abin da nake faɗa, ita ce kuma ta karanta mini naku. Auta, ka yi magana da zafi irin na yara, amma ba ka yi ƙarya ba, kuma mu mata mun fi kowa sanin haƙurin da ake ba mutum ɗaya. Sai dai in gaya maka yadda muka tarar ana yi, domin ka san abin da aka yar a hanya.

A zamaninmu idan miji ya ƙuntata wa mace har ta yi yaji ta koma gidansu, gaskiya ne uwarta za ta ce mata haƙuri maganin zaman duniya. Amma ba a mayar da ita a daren ba. Ana barin ta ta kwana biyu, ta ci ta huta, har sai mijin ya turo biko, kuma ba yaro ake turowa ba, bappansa ko wani dattijon da ake jin nauyinsa ne zai zo. A zaure za a zauna, waliyyinta ya jera abin da aka yi mata ɗaya bayan ɗaya, cefanen da aka hana, baƙar maganar da aka gaya mata gaban kishiya, hannun da aka ɗaga. Dattijon ya sunkuyar da kai ya ji, ya ba da haƙuri a madadin ɗansa, ya ɗauki alkawari, kuma idan ya koma gida mijin sai ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Bayan haka ne ake ce wa yarinya ta yi haƙuri ta koma ɗakinta. Wanda ya ba ta haƙuri ya riga ya je ya tsaya mata. Yanzu kuwa sai a kira ta a waya a ce ta yi haƙuri kowa ma haka yake zaune, a kashe waya, babu wanda ya taka zuwa wurin mijin. Wannan ba shi ne haƙurin da muka gada ba, kuma duk dattijon da ba zai iya zuwa wurin mai laifi ba, ni a ganina bai da bakin ba wanda aka cuta haƙuri.

Direba, Tashar Dukku:
Gaisuwa ga iyaye. Ni ba mai dogon karatu ba ne, amma na tsufa a kan hanyar Gombe zuwa Bauchi da ta Gombe zuwa Yola, kuma ina jin tsoron kada muhawarar nan ta kai mu ga zaton cewa komai yana da wanda za a kama. Na yarda akwai sakaci, kuma a sana'armu ya fi yawa. Ina ganin direban da zai sa tsohuwar taya wadda zarenta ya fito, ya yi lodi har bayan mota ya zauna, ya sha abin hana barci ya kama hanya, idan yaron mota ya ce maigida birki yana ja gefe ɗaya ya ce masa in ajali bai zo ba babu abin da zai faru. Irin wannan idan ya kashe mutane, kada kowa ya ce mini ƙaddara, a kai shi gaban alƙali.

Amma na kuma san abokin aikina wanda ba ya tayar da mota sai ya zagaya ta ya duba taya da ruwa da mai, ba ya tafiyar dare, ba ya tsere da kowa. Yana kan hannunsa a hawan Kaltungo wata babbar mota ta ƙwace ta same shi. Wancan mai tsohuwar tayar kuwa yana nan da ransa har ya aurar da 'ya'ya. Haka nan duk wanda ke ɗaukar kaya daga kasuwannin hatsi ya ga abin da ya faru da waɗanda suka sayi masara da wake a kakar 2024 suka ajiye, bisa lissafin da ya saba fitar da su kowace shekara, suka zuba magani suka biya kuɗin sito, sai farashi ya faɗi a 2025 ƙasa da yadda suka saya. Cikinsu akwai masu ɓoye abinci domin ya yi tsada, waɗannan ba na tausayinsu, amma akwai ƙananan 'yan kasuwa da suka sa jarinsu duka. Sun fafe gorarsu tun kafin ranar tafiya, Bappa, amma tafiyar ba ta yi ba. Idan muka cire maganar rabo daga bakin mutane, me za mu gaya wa irin waɗannan, da matar abokina? Na ga mutumin da asara ta taɓa wa hankali domin ya kasa daina tambayar kansa inda ya yi kuskure, alhali bai yi ba.

Malam na Kumo:
Direba ya faɗi gaskiya, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya haɗa gefen biyu a wuri guda: mutum ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya, idan kuma wani abu ya same shi kada ya ce da na yi kaza da kaza ya faru, ya ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata.

Bappa na Dukku:
Auta, ka ce haƙuri daga sama yake gangarowa. Ni kuwa abin da na tarar shi ne maganar rabo an fi nufin na sama da ita, sai dai sun daina sauraro. Kusa da mu nan Gombe Abba take, a gefen Gongola, garin da Buba Yero ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, kuma nan ne fadar masarautar take har Turawa suka zo. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ba a daɗe ba aka ɗauke hedkwata aka kai Nafadan su Goggo a 1913, sannan a 1919 aka sake ɗauke ta zuwa Doma, wato Gomben yau. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, auduga ta yi kuɗi, sannan a 1996 aka cire jihar daga Bauchi garin ya zama babban birni. Ka je Gombe Abba yau ka gani, ka kuma dubi wanda kakansa ya sare daji a gefen Doma domin ya shuka gero, jikan ya wayi gari gonar ta zama tsakiyar gari ana yanka ta fuloti-fuloti. Wane ƙoƙari wannan jikan ya yi da na Gombe Abba bai yi ba? Zamani ne ya juya, kuma shi ya sa aka ce duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Dattawan da na sani idan suka ga mutum ya samu ya fara ɗaga kafaɗa yana cewa wayonsa ne, a lokacin suke tuna masa zafin nema ba ya kawo samu, domin ya san akwai waɗanda suka fi shi nema ba su samu ba, kuma suna da haƙƙi a cikin abin da ke hannunsa. Yau mai kuɗi ya karɓe maganar yana jifan talaka da ita.

Hamma na Bolari:
Na gode wa iyaye, kuma maganar Adda a kan mai filin bakin kwari ta shige ni. Sai dai har yanzu akwai abin da ya tsaya mini. Mai juye shara a magudana ba talauci ne ya sa shi ba, haka ma direba mai tsohuwar taya yana da kuɗin ƙara aure. Idan an yi musu magana sai wani ya ce a ƙyale su, hali zanen dutse ne. In har hali ba ya canzawa, to duk abin da muke faɗa a nan ɓata baki ne.

Goggo ta Nafada:
Hamma, mu ba mu taɓa gaya wa mai mugun hali cewa halinsa zanen dutse ne ba, ai sai ya samu wurin kwanciya. Wadda ake gaya wa ita ce yarinyar da ta nace sai ta auri mashayi wai za ta gyara shi, ko mutumin da zai sake ba da bashi ga wanda ya cinye na farko. Gargaɗi ne ga mai shirin dogara da canjin wani. Na ga mutane sun canza, amma kaɗan ne, kuma ban ga wanda ya canza domin an yi masa wa'azi sau ɗaya ba. Waɗanda na gani sun gyaru, ko duniya ce ta buga su da ƙasa, ko kuwa unguwa ce ta juya musu baya, aka daina zuwa sunansu, aka daina ba su 'ya. Da can mutum yana tsoron abin da za a ce a kansa a zaure. Yanzu idan yana da abin hannu, a sahun gaba ake shimfiɗa masa darduma.

Ɗan Auta, Kashere:
To Goggo, ai mun dawo kan maganata. Dattijon da ke zuwa biko ya ƙare, unguwar da ke juya baya ta ƙare, abin da ya rage mana shi ne kalmomin kawai. Ban gamsu cewa za a iya riƙe rabin tsarin a ce ana bin magabata ba.

Adda ta Pantami:
Auta, ban yarda sun ƙare ba, sun dai yi ƙaranci. Amma ina da tambaya ga Malam wadda ta shafi aikina kai tsaye. Mace ta yi doguwar naƙuda, an riƙe ta a gida kwana biyu, ba domin rashin kuɗi ba wannan karon, sai domin maigida ya yi tafiya kuma ya ce kada a fita da ita sai ya dawo, ko uwar miji ta ce su ma a ɗaki suka haihu. Aka kawo ta bayan lokaci ya ƙure, ta rasu. A wurin ta'aziyya ni ma abin da nake faɗa shi ne Allah ya jiƙanta, kwana ya ƙare, domin ba wurin tuhuma ba ne. Shin bayan an tashi daga zaman makoki, ya halatta wani ya je ya tambayi mutanen gidan abin da ya sa suka riƙe ta, ko kuwa yin haka jayayya ce da hukuncin Allah? Ina tambaya ne domin a gidan akwai wasu matan da su ma za su haihu.

Malam na Kumo:
Adda, ya halatta, kuma ba jayayya da ƙaddara ba ce. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir cewa a wata tafiya dutse ya fasa wa wani mutum kai, sannan wanka ya wajaba a kansa, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga sauƙi gare shi ba tunda akwai ruwa. Ya yi wanka ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce kwanansa ne ya ƙare ya yi shiru ba, cewa ya yi su ne suka kashe shi, ya kuma yi musu faɗa a kan me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba. Ajalin mutumin ya zo, wannan babu shakka, amma hakan bai sauke alhaki daga waɗanda suka ba shi fatawa ba da sani ba.

Sai dai a kula da wanda zai je da kuma yadda za a je. Ba ke za ki je ke kaɗai ba, domin za a ce ma'aikaciyar asibiti ta zo tonon asiri, a rufe miki ƙofa. A bari kwana ukun ta'aziyya su wuce, baƙi su watse, sannan waliyyin marigayiyar ya nemi limamin unguwa ko mai unguwa su sami maigidan a keɓe, ba gaban iyalinsa ba. Ke kuma ki ba su bayanin alamomin da idan an gani ba a jiran kowa, kamar zubar jini da jijjiga da naƙudar da ta wuce yini, domin su faɗa masa da bakinsu. Kafin su tashi su nemi ya ba da izini tun yanzu, a gaban shaidu, cewa duk matar gidan da naƙuda ta kama a fita da ita ko yana gari ko ba ya nan, ya kuma faɗi sunan wanda za a nema domin mota. Ita kuwa uwar mijin, a tura mata tsohuwa sa'arta, irin su Goggo, domin ba za ta ji daga bakin ɗanta ko naki ba.